Ƙararrawar da Martina Ta Zuba

Ran Lahadin Ista ƙararrawar cocin ta tsage. Baba Kefas, dattijon da ke buga ta tun yana da baƙin gashi, ya ja igiya kamar kullum, sai ta yi wata ƙara kamar an doki tsohon kwano da muciya. Da samari suka hau suka duba, tsagar ta taso daga baki har kusan wuya.

Ana tashi daga sujada ya tare Dakta Martina Shekari a bakin ƙofa.

"'Yata, ba ke ce ke koyar da ilimin ƙarfe a jami'a ba? To, yau ga ranarki."

"Baba, koyarwa nake yi, ba ƙira ba."

"Mu dai ke muka sani," in ji shi.

Ta so ta ƙi. Takardun jarrabawa na jibge a ɗakinta a Samaru, gwiwoyinta ba sa barin ta hawa bene sai da hutu, ritaya kuma ta kusa. Shekara da shekaru tana faɗa wa ɗalibai yadda mutanen Igbo-Ukwu da Ife da Bini ke siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa har kakin ya tsiyaye, su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Ta zana wannan a allo har hannunta ya haddace. Amma ita kanta ba ta taɓa zuba abin da ya fi dunƙulen hannu girma ba. Duk da haka sai ta ji bakinta ya ce, "Zan duba, Baba."

Mutum ɗaya ta sani mai wutar da za ta narka abu mai nauyi haka. Amaechi ne, tsohon ɗalibinta, haifaffen Sabon Gari, wanda ya gama da sakamako mai kyau, ya gaji da neman aiki, ya buɗe rumfa a bayan masu sayar da kayan gyaran mota, yana zuba tukwane da ƙananan kayan injin niƙa. Ta same shi ba riga, yana hura wuta da baƙin mai.

Ya saurare ta yana goge zufa. "Mama, in ke za ki yi lissafin, ni zan riƙe wuta. Amma tukunyar narkina ƙarama ce, kuma ga damina ta kawo kai."

Suka fasa tsohuwar ƙararrawar da guduma don su narka ta su sake zubawa. Baba Kefas bai zo ba ranar, ya ce ba zai iya gani ba.

Daga nan Asabar ɗinta ta zama ta Sabon Gari. Ta riƙa zama a kan benci tana murza kaki, Amaechi na kwaɓa yumɓu da kashin jaki da ƙaiƙayi. Su shafa, su jira ya bushe, su ƙara. Ruwan sama ya hana shi bushewa da wuri. Dattawan coci kuma kowace Lahadi sai sun tambaya, har ta fara bi ta ƙofar baya.

A watan Agusta haƙurinta ya ƙare, ta ce a zuba. Amaechi ya taɓa yumɓun, sannan ya ce to. Tagulla na shiga, sai abin ya fara huci, ya yi tartsatsi, wani ɗigo ya sauka a damtsen Amaechi. Bai saki maƙatar da ya riƙe tukunyar narkin da ita ba sai da ya gama juyewa. Da ya huce suka fasa yumɓun, ƙararrawar ta fito duk ramuka kamar fuskar mai zanzana. Danshi ne ya rage a ciki. Wani sashe na ƙarfen kuma ya tsiyaye cikin ƙasa ya lalace.

Martina ta zauna ta daɗe tana kallon ta. "Ni na yi gaggawa," ta ce.

"Ni ma na ji sanyinsa a hannuna, ban faɗa ba," in ji Amaechi, yana ɗaure ƙunar da tsumma. "Sai mu sake."

Labari ya kai ga Zumuntar Mata cewa ƙarfe ya kasa. Ranar Talata suka kira Martina, ta tarar sun shimfiɗa zane, sun tara tsofaffin faya-fayan tagulla, kawunan famfo, makullai. Mama Janet, wadda ta haura tamanin, ta kwance bakin zanenta ta fito da mundaye biyu na aurenta.

Martina ta ɗaga su, ta kankare gefe da farce, ta ga launinsu ya yi fari-fari. Akwai farin ƙarfen nan tutiya a ciki. Ƙararrawa jan ƙarfe take so da kuza, in aka gauraya mata wannan, muryarta za ta dushe. Ta yi bayanin a hankali yadda za ta iya.

Mama Janet ta mayar da mundayenta ta ƙulle. "Ashe kyauta ma sai ta ci jarrabawa," ta ce, ba ta dubi kowa ba.

Wannan magana ta fi ƙunar Amaechi daɗewa ba ta warke ba. Martina ta koma bin masu gyaran janareta da injin ban ruwa tana neman ƙonanniyar waya saboda jan ƙarfen da ke cikinta, ita da Amaechi suna warwarewa har yatsunsu suka tsattsage. Wata ƙawarta a Jos ta aiko da ɗan kuza. Duk da haka bai kai ba, dole ta rage girman ƙararrawar. A wannan tsakanin samarin coci suka ɗaura lasifika a kan hasumiya, suna kunna ƙarar ƙararrawa daga wayar hannu. Mutane suka saba, tambaya ta ragu. Sau biyu Martina ta yi niyyar barin aikin, sai ta tuna sun riga sun fasa wa mutane abinsu.

Sai da aka gama girbin masara suka sake zubawa. Wannan karon sun gasa yumɓun har ya yi ja. Ƙarfen ya shiga shiru, ba huci. Da suka fasa, ta fito sumul, sai ɗan tabo a kafaɗa. Martina ba ta yi murna ba, ta dai nemi ruwa ta sha.

Ranar da aka rataye ta, Fasto ya yi addu'a, Baba Kefas ya kama igiya da hannu biyu ya ja. Muryar ta fita tas, siririya, ta daɗe tana rawa a iska. Jama'a suka yi tafi, mata suka yi guɗa. Baba Kefas ya karkata kunne har sautin ya mutu.

"Ba muryar waccan ba ce," ya ce. "Waccan har Hanwa ake jin ta." Ya sake ja sau ɗaya. "Amma ba laifi. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Har bakin titi Amaechi ya raka ta. Ya tsayar mata da keke-napep, sannan ya ce, "Mama, ƙarshen wata zan rufe rumfar. Kawuna ya samo mini aiki a wata masana'anta a Nnewi. Na jira mu gama ne."

Ta dube shi. "Kayan aikin fa?"

"Masu gwangwan za su ɗauka."

"Ka bar mini tukunyar narkin," ta ce, ba ta san me za ta yi da ita ba. Ya ce zai aiko.

A Kwangila cunkoso ya tsayar da su, rana na dukan rufin keken. Ta jingina kanta da ƙarfen gefe don ta ɗan huta. Ba ta farka ba sai da mai keken ya taɓa jakarta ya ce an zo ƙarshen hanya. Sun wuce layinsu da nisa. Ta sauka, ta gyara ɗankwalinta, ta kama hanyar komawa a ƙafa, tana tafiya tana tsayawa.