Fiyus a Aljihun Injiniya

Ranar Talata ce, tsakanin azahar da la'asar. Tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti, sai ga ƙanin mijinta ya faɗo gidan babu sallama. Dogo ake ce masa. Mutumin da kullum sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce matar Yaya ta ɓoye tukunya ga mayunwaci ya iso, yau ya tsaya ƙiƙam da takalmi ƙafa ɗaya. Ya ce wuta ta ja Yaya a saman bene, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ta ji maganar sarai, amma hannunta bai ji ba, sai da ya ƙara tsinto tsakuwa biyu kafin farantin ya kife.

Mijin nata Injiniya ake kiransa, ko da yake karatunsa bai wuce firamare ba. Shekara ashirin da biyu yana sa wa mutane esi, na'urar sanyaya ɗaki, kuma shi ya koya wa Dogo riƙon filaya. Aikin da ya zama ajalinsa na gidan wani mai sayar da magani ne: ɗakuna huɗu, kowane da nasa kan esi a bango, dukansu kuma a haɗe da babban inji guda a saman bene. Satin da ya karɓi aikin ya dame ta da bayani. Da safe yakan ajiye butar shayi a tsakiya ya ce ga uwa, ya jera kofuna huɗu ya ce ga 'ya'ya. Kowane ɗa da bututunsa da wayarsa, in ka rikita su sai ka kunna na falo ɗakin kwana ya yi sanyi. Abin da ya fi nanatawa shi ne babu ɗan da ke shan wuta a wani wuri sai ta hannun uwa, in an yanke wa uwa wuta duk gidan ya yi shiru. Takan ce masa ko 'yarsu ta cikinsu ba ta samu wannan kulawa ba, ya miƙo kofin dai ta zuba masa.

A wurin zaman makoki kowa ya zo sai ya tambayi yadda aka yi, Dogo kuma amsa ɗaya yake bayarwa, kansa a ƙasa: Yaya ya manta bai cire fiyus ba ya hau sama ya kama waya. Mutane su ce Allah ya jiƙansa, su fita waje su ce dama wanda ya daɗe a aiki shi ke raina wuta. Tana ciki tana jin su ta taga.

Ran kwana tara ta samu ƙarfin kwance ledar kayan da aka dawo da su daga asibiti. Ta saba laluba aljihunsa kafin wanki, hannunta ya yi abin da ya saba. A aljihun dama na wandon ta ji abu mai nauyi. Fiyus ne, fari, gefensa ɗaya ya ɗan ɓalle.

Ta san abin kamar yadda ta san cokalin gidanta. Injiniya ba ya yarda da a kashe makunni kawai, sai ya zare fiyus ya jefa aljihu, ya ce wanda zai kunna masa wuta sai ya fara tuɓe masa wando. Sau nawa ya dawo gida da fiyus ɗin mutane, ya zauna ya ci abinci, sannan ya tuna ya bar gida guda cikin duhu, ya hau babur yana salati. Ta daɗe zaune da abin a tafin hannu. Ta ƙulle shi a gefen zani, ba ta faɗa wa kowa ba.

Takaba ta zaunar da ita wata huɗu da kwana goma, zargi kuwa ya samu wurin zama kusa da ita. Tunda fiyus yana aljihunsa, to wani ne ya mayar da wuta, ko ya sa wani fiyus ɗin ko ya haɗa ramin fiyus ɗin da guntun waya. Kuma su biyu ne kawai a kan aikin. Ta fara tuno abubuwa. 'Yan watannin nan wa da ƙani ba sa shiri sosai. Dogo yana cewa Yaya ya cika nawa, aikin kwana biyu sai ya kai shi biyar, Yaya kuma yana cewa Dogo hannunsa ya riga kansa tafiya. Ta tuna Dogo ya koma gidan mai maganin tun ran kwana uku, ana tsakiyar karɓar gaisuwa, wai zai ƙarasa aikin mutane. Wace gaggawa ce wannan? Ta lura ya daina cin abincinta. In ya zo gaishe ta daga bakin ƙofa yake tsayawa, ya ce ya haƙuri, idonsa a kan igiyar shanya.

Wata rana ta tambaye shi ta bayan labule, da murya kamar ta hira, shi yana ina lokacin da abin ya faru. Ya ce yana falo yana ɗaure bututu. Ita kuwa da kunnenta ta ji ya gaya wa gwaggonsu cewa ya fita sayen tef ne. Ta ce to, Allah ya kyauta.

Abin da ya fi ci mata rai 'yarta ce ta kawo shi. 'Yar ta biyo ta layin masu gyaran esi da firji, inda shagon mahaifinta yake, ta ji wani yana yi wa mutanensa faɗa yana cewa su riƙa cire fiyus, kar su yi irin ta Injiniya. Yarinyar ta faɗa mata tana kuka. Shekara ashirin da biyu na kaffa-kaffa, ga abin da ya rage masa a bakin mutane. Matar ta taɓa ƙullin zaninta ta ce wa 'yar ta share hawaye.

Kwana biyu da fita takaba ta sa mayafi ta nemi gidan mai maganin. Mai gadi ya gane ta da ta faɗi ko ita wace ce, ya yi mata gaisuwa, ya ce maigidan yana kanti, sai mahaifiyarsa ce a ciki. Ta roƙe shi ya fara nuna mata inda fiyus ɗin esi yake. Ya kai ta wani lungu a ƙarƙashin matakala ya buɗe akwatin ƙarfe. Fiyus uku farare, na huɗu, wato na esin, baƙi, sabo. Ta tambaye shi wa ya sa wannan, kuma yaushe. Ya ce ai ramin nan fayau yake tun ranar da abin ya faru, shi da kansa ya leƙa a ranar, don maigidan ya ce a duba. Sai ran kwana uku Dogo ya sayo wannan, shi mai gadin ne ma ya haska masa da tocila. Ta sake tambaya ko ya ga alamar waya a ramin. Ya ce babu komai sai yanar gizo a gefe.

Ta tsaya tana kallon akwatin. Wata huɗu tana gini a kan cewa wani ya mayar da wuta ta nan, ga shi babu wanda ya mayar. To daga ina ta zo?

Ɗakin tsohuwar shi ne na ƙarshe a dogon baranda, a tsohon ɓangaren gidan da aka gina kafin a ɗora bene. Sanyi ya buge ta tun daga ƙofa. Tsohuwar tana kan gado da rigar sanyi, ƙafafunta a kumbure, ta kama hannunta ta zaunar da ita, ta yi ta sa wa marigayin albarka. Ta ce mutum ne mai tsare gida, ba ya wasa a kan aiki, amma ƙanin nasa ya fi sakin fuska. Ta ce ita ta dame su da mita, zafi ya hana ta sakat, kullum tana tambaya yaushe wannan abu na bango zai fara numfashi. Har dogon ya ji tausayinta ya sa nata ya riga na kowa.

Matar ta ajiye kofin ruwan da aka ba ta. "Inna, naki ya yi iska kafin na sauran?"

"Da kwana guda cur. Iska ce kawai babu sanyi, amma ta fi babu. Ya jawo 'yar waya daga soket ɗin can, ya ce in na ji zafi in danna makunni. Ya ce kar in gaya wa yayansa, mafaɗaci ne." Ta yi dariya, sannan ta goge ido. Ta ce ran Talatar ma da ta idar da azahar ta danna, abin ya ɗan hura ya tsaya, tana cikin mita sai ta ji ana gudu a matakala. Ta ce rana ce mai nauyi, komai na gidan ya tsaya har esin ma.

Matar ta dubi bangon. Daga soket zuwa kan esin akwai ƙananan ramuka uku na ƙusa a jere, babu waya. Butar shayi da kofuna huɗu suka dawo mata. Ɗa guda ya sha wuta a wani wuri, wayarsa kuma ta tafi har saman bene, inda mutum ya zare fiyus ya saki jiki. Ta kalli yatsun tsohuwar, sirara, suna jan carbi. Ta shanye ruwan, ta yi godiya, ta ce Allah ya ƙara lafiya.

Washegari da hantsi ta je shagon. Dogo yana tsugunne yana kwance wani inji. Da ya gan ta ya miƙe ya share mata benci da hularsa. Ba ta zauna ba. Ta kwance gefen zani ta ajiye fiyus ɗin a kan teburin aiki, tsakanin filaya da testa ta gwada wuta, ta ce ta gaida Inna jiya, ɗakinta akwai sanyi.

Ya ɗauki fiyus ɗin ya juya shi ya ajiye. Da ya fara magana kuma sai ta zubo. Ya ce ya yi niyyar cire wayar da sassafe, Yaya ya aike shi, ta fita daga ransa. Ya ce Yaya ya sa testa a kan wayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya kafin ya taɓa, babu wuta a ko ɗaya, don lokacin makunnin tsohuwar a kashe yake. Yana ƙasa yana ɗaure bututu ya ji faɗuwar, kafin ya kai sama ya riga ya san abin da ya faru. Da aka tambaye shi a asibiti bakinsa ya ce fiyus, daga nan ya kasa komawa baya.

"Wata huɗu ina zaton da gangan ka kashe shi," ta ce. "Ina dafa abinci ina tunanin fuskarka."

"Da kin kai ni hukuma, matar Yaya, da ya fi min sauƙi."

"Ban zo neman sauƙinka ba. Tsohuwar nan kar ta ji, ba ta san komai ba, a bar ta ta mutu ba ta sani ba. Amma a layin nan ka ce ya manta, a layin nan za ka ce bai manta ba."

Ya ce in ya faɗa babu mai ƙara ba shi aiki, ga iyali. Ta ce ta sani. Sai a lokacin ta zauna a bencin, ta gyara mayafi, ta ce ba ta da wurin zuwa yau.

Har aka kusa azahar yana ɗaukar sukundireba yana ajiyewa. Maƙwabtan shago suka fara leƙowa suna gaishe ta suna kallon juna. Can ya wanke hannu, ya je ya kira shugaban layin da wasu manya uku. Suka tsaya a bakin shagon, wasu ma suka taru a bayansu. Ya ɗaga fiyus ɗin ya ce wannan daga aljihun Yaya aka ciro shi, Yaya ya cire, ya kuma gwada da testa. Wutar ta bi wata waya ce da shi Dogo ya ja a ɓoye daga soket ya manta da ita. Wani ya tambayi wa ya danna makunnin. Ya ce wanda bai san akwai mutum a kan waya ba, laifin na wanda ya ja ta ne. Shugaban layin ya cire hula ya mayar, ya juyo ya ce mata ta yafe musu, sun ci naman mamaci. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta tashi ta tafi. Fiyus ɗin ta bar masa a kan tebur.

Aiki ya ja baya a shagon kamar yadda ya faɗa, yanzu yawanci firji yake gyarawa. Yana aiko da gaisuwa ta bakin matarsa, shi bai ƙara tako gidan ba, ita ma ba ta aika a kira shi ba. Akwai ranakun da takan yarda mantuwa ce ya yi. Akwai kuma ranakun da take ganin ya tuna da wayar da safen nan, tsoron faɗan Yaya ne ya sa ya ce bari sai an jima. Ba ta tambaye shi ba. 'Yarta dai ta ce a layin an daina cewa irin ta Injiniya, yanzu in za su ja kunnen mutum sai su ce ya bi ɗaki-ɗaki ya duba soket kafin ya hau sama.

Ita kaɗai ce a gidan yanzu, 'yar tana ɗakin mijinta. Kowace safiya in za ta dafa ruwan shayi takan cika buta, ta sa a soket, ta ɗora yatsa a kan makunni. Sai ta ɗaga murya yadda za a ji har tsakar gida ta ce, "Zan kunna." Ta ɗan saurara, sannan ta danna.