Ƙanina na Tsallaken Gada

Ina 'yar ƙarama iyayenmu suka rabu. Ni na zauna wajen Baba a birni, Mama kuma ta goya ƙanina ta koma ƙasarsu, tsallaken iyaka. Ba mu sake ganin juna ba. Baba ya rasu, daga baya labari ya zo cewa ita ma ta bi shi. Sai bara wani direban babbar mota da nake yi wa matarsa ɗinki ya ce ya san ƙanin nawa. Dogo ake ce masa, yana aikin gadin gandun daji kusa da wani ƙaramin gari a bakin iyaka. Direban ya haɗa mu a waya. Muka yi ta gaisuwa kamar baƙi, har ranar da na gaji na ce masa ina nan tafe.

Maigidana ya ce hanyar ba ta da kyau, kuma gaskiyarsa. Tun da hantsi kwalta ta ƙare, mota ta yi ta jijjiga mu cikin ciyawar da ta fi mutum tsawo. Garin kuwa titi ɗaya ne: shagon cajin waya, mai faci, rumfunan kwano, sai gada a kan wani rafi da ya kusa ƙafewa. An gitta igiya a bakin gadar, wani jami'i na zaune a inuwa yana fifita da hularsa. Iyakar ke nan. Na tsaya ina kallon igiyar nan, raina duk a jagule. Ashe abin da ya raba mu bai fi wannan ba.

Wani mutum ya taho daga tsallake yana tura babur. Jami'in ya sassauta masa igiyar ba tare da ya miƙe ba. Tun kafin ya iso na gane shi, don tafiyar Mama ce sak, da ɗan karkata kafaɗa.

"Yaya?" ya ce.

Sai na kama hannunsa na riƙe.

Muka zauna a rumfar wata mai abinci. Don in kori kunya, na ciro rigar da na ɗinka masa. Da awon Baba na yi ta, shi kuwa Baba gajere ne. Da Dogo ya saka, hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu, cikinsa a waje. Mai abinci ta tambaya ko telan yana da gaba da shi ne. Ya ce a'a, telar ce ba ta san ya daina rarrafe ba. Muka yi dariya har na yi hawaye, daga nan bakinmu ya buɗe.

Ya tambaye ni yadda Baba yake, don ko hotonsa bai taɓa gani ba. Na faɗa masa faɗansa da saurin hucewarsa, da yadda yake gyara rediyon maƙwabta ya ƙara lalata shi. Shi kuma ya ba ni labarin Mama. Ya ce har ta tsufa, in ta ga yarinya mai wushirya sai ta tsayar da ita ta tambayi sunanta. Na rufe bakina da mayafi, don ni ce mai wushiryar.

Da la'asar ya ɗauke ni a babur zuwa bakin gandun. Ya kashe injin, ya ce in yi shiru. Can ƙasan kwari giwaye ne ke shan ruwa, wata ƙarama tana ta zamewa a taɓo, uwar na tallafe ta da hanci. Ya san kowacce, har da wadda ya ce ta fi shugabansu na ofis taurin kai.

A hanyar dawowa ya ce matarsa na da ciki, kuma ba shi da kowa ta wajen uba da zai nuna wa abin da za a haifa.

"Yanzu kana da ni," na ce. "Hutun makaranta zan kawo maka yarana, ka sha surutu."

"Ki kawo su duka, Yaya. Ɗaki ne dai ƙarami, amma tsakar gida har bakin daji."

Washegari ya je ya yi magana da jami'in, muka tsallaka tare don in gaisa da matarsa.