Geron Iri

"Geron iri fa ya ci, Yaya! Ɗanye, a bakin rumbu, kamar akuya."

"Ke Barira, rage murya," in ji Sha'ibu, wan mijinta. "Mutum ya samu lahiya, ya yi jiki, duk Tsarnawa ana yi muna barka. Mi kike so kuma?"

"Wagga ba ƙibar lahiya ba ce. Je ka bayan zana inda yake fitsari, ka ga yadda kiyashi ke taruwa."

Rabo, mijin Barira, na zaune a gindin rumbu, yana jin su. Rigarsa ta bara ta daina shigarsa.

Shekara biyu ke nan da muryoyi suka fara kiransa daga cikin rijiyar gidan. Sunansa suke kira, a hankali, kamar masu jiran baƙo. Ranar da aka kama shi da ƙafa ɗaya a ciki, aka rufe rijiyar da kwanon rufi, aka kai shi gidan likita a Ƙonni. Majo, jami'in jinyar wurin, ya ba shi ƙwaya, ɗaya kullum. Muryoyin suka yi shiru.

Sai yunwa ta zo. Ya ci tuwo, ya sha fura, ya tashi kamar bai ci ba. Ruwa kuma sai randa ta ƙare.

Watan jiya majo ya ce masa, "Maganin ya kwantar da masu kiranka, amma ya kwantar har da wurin da ke gaya maka ka ƙoshi, can cikin kai. Suga ya hau. Kada dai ka daina shan maganin."

Yanzu ga hadari na haɗuwa a gabas. Damin iri uku suka aje, saura ɗaya.

"Ni na ja shi daga bakin ramin can," Sha'ibu ya ce. "Ba ni sake ganin haka. Ba shi maganinai."

"In ya cinye na ƙarshen, mi za mu shuka? Ƴaƴanai su ci mi?"

Amma ta kwance ƙullin takardar, ta sa masa ƙwayar a tafin hannu.

Rabo ya dubi ƙwayar. Ya dubi damin. Ya mayar da ita cikin takardar, ya nannaɗe.

"Barira," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Kwanon da ke bakin rijiyar nan, da nauyi kuwa?"