Linzamin Ɗan Fari

Kwana huɗu da haihuwa, ɗan Kadi bai sha nonon kirki ba. Yakan kama, ya ja sau biyu ko uku da wata ƴar ƙara kamar mai tsaki, sai bakin ya zame, ya tsala kuka. In ta sake ba shi, ya datse ta da dasashi har hawaye ya zubo mata. Kan nonon duk ya tsattsage, shi kuwa nonon ya cika ya yi tauri kamar gora.

A gidan ubanta Malam Abdu take, wani ƙauye na ƙasar Damargu, gabas da Gangara, inda ta zo haihuwar fari kamar yadda aka saba. Shekara huɗu ke nan da samun mulkin kai, kakar bana kuma ta yi kyau, dammunan gero na jibge a bakin rumbuna. Uwarta ta daɗe da rasuwa. Gwaggo Dado, yayar ubanta, ita ta raine ta, ita ke mata wankan jego safe da yamma, ita ke dama mata kunun kanwa. Duk ƙauyen ba mai musu da Dado a kan sha'anin jariri.

Da hantsi Dado ta shigo da ludayi, matan maƙwabta na biye da ita. Ta sa Kadi ta tatsa nono a ciki, ta kamo tururuwa uku daga gindin danga ta jefa. Mata suka sunkuyo suna kallo. Ɗaya ta rarrafo ta fito da ƙyar, biyu suka nutse.

"To, kun gani," in ji Dado. "Nonon ne ya ɓaci. Yaro ba wawa ba ne, ya san abin da zai cuce shi."

Nan take ta yanke hukunci. Ba za a sake ɗora shi a ƙirji ba sai Kadi ta sha jiƙo kwana uku. Abin da ya taru a tatse a zubar bayan ɗaki. Shi kuma a riƙa ɗura masa madarar akuya da ludayi.

Kadi ta sunkuyar da kai. A ranta tana cewa tururuwa ko cikin ruwan rijiya aka jefa ta, nutsewa za ta yi. Kuma ita da yaron ke jikinta ta san ba ƙin nonon yake ba, nemansa yake da baki buɗe, kamawar ce ke gagararsa. Amma ɗan fari ne. Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu, ko kuka yake sai an ce mata ɗauki sau biyu kafin ta miƙa hannu. Macen da ta buɗe baki a kan ɗan farinta, sai a shekara ana ba da labarinta a bakin rijiya.

Washegari da safe Fadimata ta kawo madarar. Buzuwa ce, dattijuwa, doguwa, baƙin zanenta ya rine mata kafaɗu da shuni. Kowace kaka danginta na gangarowa daga arewa, wajen Tanya, su sauka a gonar Malam Abdu, dabbobinsu su ci kara su bar masa taki. Ita da Dado sun fi shekara ashirin suna tsiya da juna.

"Dado, ashe har yanzu kina nan da ranki?"

"Ina jira in ga bayanki tukuna. Ruwa ludayi nawa kika zuba a madarar nan?"

"A Damargu? Rijiyarku gaba arba'in, wa zai ja ruwa ya ɓata a madararki?"

Dado ta yi dariya, ta fita iza wutar ruwan wanka. Ɗakin ya rage daga Kadi sai baƙuwa, sai jaririn da ke kwance cikin tsumma. Tun jiya da la'asar bai jiƙa tsumman ba. Kukansa ma ya koma siriri, maɗigarsa ta soma faɗawa. Madarar da aka ɗura masa rabi ta gefen baki take zubewa.

Kadi ta kalli ƙofa, ta rage murya.

"Inna, in akuyarku ta haihu ɗan bai sha ba, yaya kuke yi?"

Fadimata ta dube ta, ta dubi yaron.

"Bakinsa muke fara buɗewa. Hantsa ba ta ƙarya, ƴata. Wa ya duba bakin wannan?"

"Ba kowa."

Fadimata ta wanke hannu da ruwan buta, ta ɗauki yaron ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Ta sa masa ƙaramin yatsanta a baki. Ya datse shi da dasashi, amma harshen bai zo ya naɗe yatsan ba. Ta ɗan ɗaga harshen da yatsu biyu.

"Zo ki gani."

Kadi ta matso. A ƙarƙashin harshen akwai wata farar fata siririya kamar zare, ta riƙe shi tun daga ƙasa har kusan tsininsa. Da yaron ya buɗe baki zai yi kuka, harshen ya kasa tashi, tsakiyar tsinin ya lotsa ciki.

"Ɗan ƙanwata haka aka haife shi," in ji Fadimata. "Ku linzami kuke ce masa. Nononki lafiyarsa lau. Da me zai ja, an ɗaure masa harshe?"

Dado ta dawo ta same su a haka. Aka nuna mata. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Linzami ne, ban musa ba. Amma tururuwa ma ba ta yi ƙarya ba. Jibi suna, Ila wanzami zai zo aski, sai ya haɗa duka ya yi."

"Gwaggo, ba zai kai jibi ba."

Dado ta juyo a hankali.

"Ke da wa kike magana? A kan wa?"

Malam Abdu na tsakar gida yana gyaran igiyar ɗaurin dami. Kadi ta karɓi yaron daga hannun Fadimata, ta rungume shi a ƙirji a fili, ta fito har gaban ubanta ta durƙusa. Matan maƙwabta da suka shigo barka suka tsaya cak, wata ta rufe baki da gefen mayafi.

"Baba, ka gafarce ni. Ɗana ne, kuma yunwa za ta kashe shi ga abinci a jikina. Taɓa kansa ka ji."

Dattijon bai kalle ta ba, shi ma kunyar ta kama shi. Amma ya miƙo hannu ya shafa maɗigar da babban yatsa. Ya ajiye igiyar, ya shiga turke ya kwance jaki.

"Yau kasuwar Gangara," ya ce, kamar da jakin yake magana. "Ila na can."

Kafin su dawo, Fadimata ba ta tafi ba. Ta sa Kadi ta tatsa cikin ludayi, ta riƙa ɗiga wa yaron a baki kaɗan-kaɗan, tana shafa masa maƙogwaro. Dado na gani, ta juya baya ta shiga tsintar ganyen wanka, ba ta ce a bari ba.

Ila ya iso bayan azahar, zabirarsa a kafaɗa, gajere mai yawan magana.

"Ina angon da ya hana ni cin kasuwa? Kai, tun ba a raɗa maka suna ba ka fara aiken manya?"

Ya zauna kan tabarma ya baje kayan aiki. Kadi ta ga askar, ta ga tabon da ke jikinta. Ta tuna bara, da masu yin lambar rigakafi suka zo daga Tanut, yadda likitan ya riƙa dafa ƙarafunansa a tukunya kafin ya taɓa kowa.

"Baba Ila, a sa ta cikin ruwan wankana, yana tafasa."

"Askar ubana ce, ƴar nan. Ta yi wa ubanki kaciya ba a dafa ta ba."

"To yau ta sha wanka, ta huta."

Ila ya ƙyalƙyale da dariya, ya miƙa wa Dado askar.

"Dafa, Dado, ki sa gishiri. Ƴaƴan mulkin kai ke nan." Ya buɗe bakin yaron ya leƙa. "Tun da na zo, bari in cire masa belu gaba ɗaya, in huta da dawowa."

"A'a. Abin da ya hana shi sha kaɗai za a taɓa," in ji Kadi. "Kada a taɓa belu. Ba shi da jinin da zai zubar."

Ila ya dubi Dado yana jiran ta tsawata. Dado na tsaye da askar a bakin muciya, tana jiran ta huce.

"Ka ji abin da uwarsa ta ce," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Fadimata ta riƙe kan yaron tsakanin tafukanta. Ila ya yi bisimilla, ya ɗaga harshen da ɗan itace mai baki biyu. Kadi ta so ta rufe ido, ta hana kanta. Hannun ya motsa sau ɗaya, kamar mai tsinke zaren ɗinki. Jini ɗigo biyu ya fito. Yaron ya buɗe murya, harshen ya taso har ya taɓa leɓe.

"Ba shi yanzu," in ji Ila. "Nono shi ne maganin wurin."

Kadi ta juya musu baya ta ɗora shi. Ya kama, ya zame. Ya sake kamawa, ya sake zamewa. Fadimata ta durƙusa kusa da ita, ta tatse kaɗan don kan ya yi laushi, ta juyo cikin yaron ya manne da na uwarsa.

"Kada ki kai masa. Bari ya wage baki sosai, sa'an nan ki jawo shi."

Ya wage. Ta jawo shi. Wannan karon bakin ya cika, ba datsa, ba ƙara. Ta ji wani ja mai zurfi wanda ba ta taɓa ji ba, tun daga hammata. Kunnen yaron ya soma motsi. Sai ga sautin haɗiya, ɗaya, sa'an nan wata, sa'an nan a jere.

Daga waje ta ji ubanta yana faɗin alhamdu lillahi ƙasa-ƙasa. Dado ta zo ta tsaya a kansu, ta daɗe, sa'an nan ta ɗauki ƙwaryar jiƙon ta fita da ita.

Fadimata ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta ce awakinta na can ba a tatse ba tun safe. Kadi ta kama wuyan hannunta. Hawaye na sauka a kan zanen goyo.

"Inna, Allah ya saka miki. Allah ya raya naki. Ni ban san me zan ce ba."

"Kada ki ce komai, kya tashe shi. In ya saki wannan, ki ba shi ɗayan, ya fi cika."

Ta ɗauki ƙwaryar madararta. A bakin ƙofa ta yi karo da Dado.

"Gobe kada ki kawo madarar nan taki mai ruwa," in ji Dado. "Amma ke ki zo. Akwai kunu."

Kadi ta gyara zama, ta jingina da bango. Yaron ya saki don kansa, nono na bin gefen bakinsa. Ta juya shi ɗaya ɓangaren, ta jira ya wage baki, ta jawo shi.