Eriyar da Ta Fi Katanga Tsawo

Tun da aka kai Baba makwancinsa, Inna ta ja kujerarta bakin taga, ba ta ƙara taka tsakar gida ba. 'Yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ita tana nan, idonta a saman katanga. A kawo abinci ta tsakura, a yi mata hira ta ce "to". Likita ya ce jikinta ƙalau yake, zaman ne zai cinye ta in ba a tashe ta ba.

Auta, wanda har furfura ta fito masa a gemu ba a daina kiransa Auta ba, shi ya tuna da motar Baba. Tsohuwa ce mai dogon hanci, ta girmi duk 'ya'yan gidan, kaji kuma sun daɗe da mai da ƙarƙashinta ɗakin kwana. Ya ce a ransa in Inna ta ga motar mijinta ta dawo da rai, dole ta fito ko don ta shafa ta. Ya sa aka ja ta zuwa gareji.

Bakaniken mutum ne mai son motoci fiye da masu su. Wata da watanni yana fama, ya tashi injin, ya ɗinke kujeru, ya kankare tsatsa. Ranar da za a yi fenti ya nuna eriyar da ke tsaye a gefen gilashin gaba, doguwa, kanta a lanƙwashe kamar ƙugiya.

"Wannan fa? Mota ta sha kwalliya haka, a bar mata tsinke a ka?"

"Rediyon fa?" in ji Auta.

"Zai kama tasha ras. Zan shimfiɗa wata a cikin rufi, in rufe da yadi. Ramin kuwa in cike in goge, ko kai ba za ka gane wurin ba."

Auta ya yarda, har da yaba masa basira.

Ranar da ya tuƙo ta gida, ya bi gefen katanga ya tsaya a ƙofa, ya danna hon. Maƙwabta suka fito suna sa albarka, wani tsoho har da share ƙwalla. Inna ba ta motsa ba. Ya shiga ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ga motar Baba a waje."

"Ban gan ta ba," ta ce, ba ta ko dube shi ba.

Ya fito jiki a sanyaye. Yayarsa ta zagaya motar sau ɗaya, ta riƙe ƙugu.

"Auta, ina eriyar?"

"Tana ciki, an ɓoye ta. Ai ta fi kyau haka."

"Ta fi kyau a wurin wa? Kai kullum kana cikin motar, manne da Baba, shi ya sa ba ka taɓa ganin dawowarsa daga cikin gida ba. Katangar nan ta fi motar tsawo, amma eriyar ta fi katangar. Da Inna ta hango lanƙwasasshen kan nan yana tafiya a sama, sai ta gyara ɗankwali ta je ta zare sakata. Baba bai taɓa yi mata hon ba."

Auta ya dubi saman katangar, wurin da Inna ta kafe da ido tun rasuwar. Kunya da tausayi suka rufe shi lokaci guda.

Auta ya koma gareji ya ce a dawo da eriyar wurinta. Da bakaniken ya ji buƙatar, sai da ya ajiye sufanar hannunsa.

"In huda fentin nan? Gara ka ce in huda cikina."

Auta ya ba shi labarin. Mutumin ya nufi bokitin tarkace, ya yi ta tono har ya zaro tsohuwar eriyar.

"In miƙar da kan?"

"Bar shi yadda yake."

Bakaniken ya shafa wurin da tafin hannu kamar mai ba da haƙuri, ya ɗora injin huda.

Da la'asar, lokacin da Baba ya saba dawowa, Auta ya biyo gefen katanga a hankali. Ya tsaya a ƙofa, ya ɗauke hannunsa daga kan hon. Sai a lokacin tsoro ya kama shi: anya ba zalunci ba ne a nuna wa tsohuwa alamar wanda ba zai dawo ba?

Ya ji ƙarar sakata.

Inna ce tsaye, ɗankwali a gyare, fuskarta da wani haske da ya manta tana da shi. Idonta ya tafi kai tsaye kujerar direba, ya tarar da ɗanta. Auta yana kallo hasken ya dushe. Da zai iya, da ya nutse cikin kujerar.

Ta daɗe a tsaye, hannunta a kan ƙyaure. Can ta tura ɗaya ɓangaren, ta matsa gefe don mota ta wuce.

"Shigo da ita a hankali," ta ce. "Gobe kuma in ka fita, ka dawo da wuri. Ba na son dogon jira."