Guntun Igiya a Ƙugiyar Janwe

Tun ranar da Abdulwahid ya sayi tsohuwar a-kori-kurar nan bai sake samun kwanciyar hankali ba. Rabin gonarsa ta shinkafa da ke Auyo ya sayar ya saye ta, wai zai shiga janwe: in damina ta yi, motoci su maƙale a taɓo tsakanin Haɗejiya da Guri, shi kuwa ya je ya fizgo su a biya shi. A baki dai abin gwanin daɗi.

Kuloci ne ya fara ƙonewa. Aka sa sabo. Giyabos ya bi baya, sannan aksil ɗin baya ya karye a kan kwalta sumul, alhali motar ba ta ɗauke da ko buhun ƙaiƙayi. Kowane gyara sai ya lashe wani abu a gidan: babur, raguna, har keken ɗinkin matarsa Mardiyya.

Yohanna bakanike ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu.

"Malam Abdulwahid, tsakaninka da Allah, tirela kake ja da ita?"

"Wallahi tun gyaran baya ban ja ko a-daidaita-sahu ba."

"To haƙoran giyan nan sun cinye kamar na motar da ba ta hutawa da jan kaya. Na lallaɓa maka shi. In ya sake zubewa, sai dai ka sayar da sauran gonar."

Sauran gonar kuwa ita ce tuwon gidan. Akwai kuma abin da Abdulwahid bai taɓa gaya wa kowa ba. Motar nan, ko babu komai a bayanta, in ya tashe ta sai ta yi nishi, ta ɗan turje, sannan ya ji fizga irin ta igiya idan ta miƙe. In ya taka birki, sai wani abu ya dungure ta ta baya a hankali. Ya sha duba madubi, hanya ce kawai.

A ƙugiyar janwen akwai wani guntun igiya, tsohon ƙulli da ya tarar tun ranar ciniki. Da ya baro wurin Yohanna, ya kai hannu ya taɓa shi. Ana tsakiyar bazara, ƙasa duk ta tsattsage, amma igiyar sharkaf take, tana warin taɓon kogi.

Ya kai maganar wurin Sunusi, dattijon masu janwe a tasha. Sunusi ya leƙa ƙullin, ya ja da baya, bai yarda ya taɓa ba.

"Ashe motar Shu'ibu ce ta dawo," in ji shi. "Yaro, a sana'ar nan wanda ya ɗaura igiya ba ya yanke ta. Sai ka kai mutum tudu, ka kwance da hannunka, ka ce masa an iso. Shekarar babbar ambaliya, motar 'yan biki ta faɗa ruwa a mashigin hanyar Guri. Shu'ibu ya ɗaura, ya fara ja. Da ruwa ya fara tafiya da shi ma, sai ya zaro wuƙa ya yanke igiyar, ruwa ya tafi da su. Ban ga laifinsa ba. Amma su ba wanda ya ce musu an iso."

"To ni meye nawa a ciki?"

"Kai ne ke riƙe da sitiyarin."

Washegari da rana tsaka ya tafi mashigin. Babu ruwa ko ɗigo, sai rairayi da busasshiyar ciyawar kacala, ga wani shiru da ko tsuntsu ba a ji. Ya juya motar, ya kawo bayanta bakin gangaren, ya sa giya ɗaya, ya yi bisimilla.

Bai taɓa jin nauyi irin wannan ba. Motar ta dinga kuka, tayoyi na tonon rairayi, ƙaurin kuloci ya cika masa hanci. Ya san gonarsa ce ke ƙonewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Akwai wuƙa a kujerar gefe, ya dube ta, har hannunsa ya kai kanta. Sai ya mayar da hannun kan sitiyari, ya ci gaba da lallaɓa totur, kaɗan-kaɗan, har ya hau tudu.

Ya sauko. A bayan sawun tayoyinsa akwai wani sawun, na ƙaramar mota, jiƙe da ruwa. Ya durƙusa, ya yi ta fama da ƙullin har farcensa ya fashe, sannan ya kwance.

"An iso," ya ce.

Sai ya ji ana buɗe ƙofofin mota. Ya ji ƙarar awarwaro, da kukan jariri, da wani yana hamdala. Bai ɗaga kai ba. Wata murya ta tsohuwa ta tsaya daf da kunnensa.

"Direba, ba mu makara ɗaurin auren ba ko?"

Tausayi ya kama shi har ya danne tsoron, hawaye suka zubo masa.

"Ba ku makara ba, Iya," ya ce. "Ku ƙarasa."

Takun sawu ya yi ta nisa ta wajen Guri har ya ɓace. Igiyar ta bushe ƙayau a hannunsa. Da ya tashi motar, ta zabura sakayau har ya kusa faɗawa rami, don bai taɓa tuƙa ta babu kowa a baya ba.