Allon Baba

Tun da aka yi wa Baba aikin maƙogwaro, allon nan ne bakinsa. Tsohuwar kwamfutar hannu ce, irin wadda ake shafa fuskarta da yatsa, gefenta ɗaya ya tsage har an liƙe shi da salatif. Da likita ya gaya masa gaskiya cewa bayan tiyata muryar ba za ta dawo ba, sai ya shige ɗaki ya rufo ƙofa, ya yi ta ɗaukar maganarsa a ciki: sallama, kiran kowa na gidan, "ba ni ruwa", "sannu da aiki", har da dariyarsa. In ya taɓa hoton kofi sai muryar ta fito da kaurinta, kamar ba abin da ya faru.

To, allon ya tsufa. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da mantawa da shi, manhajar ciki ta koma sai da lallashi. Baƙo zai yi sallama, Baba ya taɓa, ya jira, ya sake taɓawa, sai mutum ya riga ya zauna amsar za ta fito. Ranar da ƙwayar magani ta maƙale masa yana ta danna "ruwa" allon ya ƙi motsi, ranar 'yarsa Auta ta rantse sai ta canja wa allon manhaja gaba ɗaya.

Auta a ɗakin gwajin jini take aiki, amma a gida Injiniya ake ce mata don tsokana, saboda babu rediyo ko fankar da ba ta taɓa kwancewa ba. Ta yi makonni tana karatu a zauren intanet na masu wannan harka, har ta gano Linux, manhajar da ba ta kamfanin kowa ba, masu sa kai ne ke rubuta ta, kowa kuma na iya leƙa cikinta. An ce tsofaffin na'urori irin wannan suna farfaɗowa da ita. Sai dai kafin ta zauna, dole a goge duk abin da ke ciki.

Da safe ta kwashe muryoyin kaf ta zuba a memori, ɗan katin ajiyar da ke jikin allon, ta zare shi ta ajiye a ɗan faranti kan teburin falo. Ta so ta ƙara kwafa a wayarta, wayar ta ce ta cika, ta ce a ranta anjima. Sannan ta fara aiki. Manhajar ta goge allon tas, ta kai rabin zama, batir ya ɗauke. Allon ya koma fanko, muryar Baba kuwa ba ta ko'ina a duniya sai a ɗan abin nan da bai kai farce girma ba.

Matsalar ita ce, ban da ɗan ramin memori, rami ɗaya tal allon ke da shi. Fuskarsa ba ta jin yatsa sai an gama sa manhajar, don haka dole a jona kibod da filas mai ɗauke da sabuwar manhajar ta ɗan mahaɗi, a ramin da caja ke shiga. Ke nan aikin duka a kan batir za a yi shi, batirin da ko kallonsa ka yi sai ya ragu.

Ta sa shi a caji, ta fita ta aro wani mahaɗin da aka ce ba ya shan wuta sosai. Da ta dawo bayan la'asar Mama ta share falon fes, Baba na kan kujerarsa ya ɗora hannuwa bisa gwiwa, Yaya kuma, babban wansu, ya zo daga wurin aiki ya tsaya a tsakiyar ɗaki.

"Injiniya, an ce kin kashe bakin Baba."

"Yaya, don Allah ka bar ni in gama."

"Na ce a sayo sabo, kika ce a'a. Yanzu tun safe mutum sai nuni da hannu yake."

"Shi ya ce ba ya son sabo. Hannunsa ya saba da wannan."

"Muryar fa?"

"Na ajiye ta. Tana nan lafiya."

Ta zare caja. Ta jona mahaɗin da kibod da filas. Ta rage hasken fuskar har sai ta kara ido take gani, ta sauke allon ta kwantar a kan tayil mai sanyi don zafi ma cin batir yake, ta durƙusa a gabansa da kibod a cinya. Fararen rubutu suka yi ta gudu a kan baƙi. Kafin ma a zo shafin farko, alamar batir ta riga ta gutsure.

Yaya bai yi shiru ba. Yaya ba ya iya shiru in hankalinsa ya tashi, kuma hankalinsa a tashe yake, don ta ga yadda yake murza makullin mota a hannu.

"In ya sake mutuwa fa?"

"Ba zai mutu ba."

"Da safe ma haka kika ce."

Aka zo shafin da ake tambaya a ina za a zuba manhajar. Da safe suna ɗaya ya fito. Yanzu biyu ne, masu kama da juna, lamba ɗaya ce kawai ta raba su. Ta tsaya. Wataƙila gogewar safe ce ta raba cikin allon gida biyu. Ta kai hannu za ta ɗauko wayarta ta tambaya a zaure, idonta ya faɗa kan batir, ya sauka ƙasa da rabi.

"Me ya faru? Ya maƙale ko?" in ji Yaya, ya sunkuyo har tana jin numfashinsa.

"Ka matsa mini, Yaya!"

Ta zaɓi na sama, kamar yadda ta yi da safe. Aka yi gargaɗin cewa za a goge komai. Ta danna ta amince, ai an riga an goge.

Layin da ke nuna ci gaban aikin ya fara tafiya, tafiyar hawainiya. Zufa ta keto mata har tana ɗiga a kan kibod. Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ga fuskokinsu, ta koma. Batir ya zama ja. Auta ta kama addu'a a fili, ba ta ma san tana yi ba. Ta ɗaga kai sau ɗaya, suka haɗa ido da Baba, ya gyaɗa mata kai a hankali. Wannan ya fi faɗan Yaya tayar mata da hankali, don ya yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Layin ya tsaya daf da ƙarshe, ya daɗe a nan har Yaya ya juya ya fuskanci bango. Sai kuma ya cika.

Ta fisge mahaɗin, garin sauri har sai da ta kuskure ramin kafin cajar ta shiga. Allon ya mutu, ya sake kawowa. Wani shafi mai tsabta ya bayyana. Ta kai yatsa ta shafa, abin ya bi yatsanta nan take, ba jira, ba lallashi.

"Kai!" Yaya ya buga tafi. "Wallahi yarinyar nan! Mama, zo ki ga Injiniya ta gaskiya!"

Auta ta zauna dirshan a ƙasa tana dariya, hawaye na zubo mata. Ta miƙa hannu kan tebur ta jawo farantin. Babu komai a ciki. Ta duba ƙarƙashinsa, ta duba ƙarƙashin tebur.

"Mama, ɗan baƙin abin da na ajiye a nan fa?"

"Oh, wannan?" Mama ta fito tana goge hannu. "Ke ma dai, abu ɗan mitsitsi ki bar shi a fili? Saura kaɗan in share da shi. Na mayar miki cikin raminsa a jikin allon, inda na ga kin zaro shi, kar ya ɓata."

Auta ta jawo allon gabanta. Suna biyu. Ta buɗe shafin ma'ajiya, ko da yake ta riga ta san abin da za ta gani. Cikin allon fanko ne kamar yadda safiya ta bar shi. Sabuwar manhajar nan mai kyau, mai sauri, a kan memorin take zaune.

"Mene ne?" in ji Yaya. "Auta, mene ne?"

Baba ya taso daga kujerarsa, yana murmushi, ya miƙo hannu biyu a ba shi allonsa. Ta rarrafa ta kai gabansa a kan gwiwoyinta.

"Baba, na goge. Duka na goge. Ni ce."

Mama ta saki salati ta dafa bango. Baba ya karɓi allon, ya shafa inda hoton kofi yake a da, ya sake shafawa. Ya dubi 'yarsa, leɓɓansa suka motsa, iska kawai ta fito.

Auta ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. So take ya daka mata tsawa, ya ce mata ba ta jin magana, ya faɗi duk abin da ya ga dama, ko ta samu sauƙin abin da ke ƙirjinta. Ta daɗe a durƙushe tana jira kafin ta tuna cewa faɗan ma a memorin yake.